Rashin rimot ba aibi ba ne a kayan sauti

"Ai wannan ba ta da rimot." Da wannan magana na ji wani mai saye ya ture wata amfilifaya 'yar Japan a wani shagon kayan sauti na hannu a Sabon Gari, cikin Kano. Ƙarfe ce tun daga fuska har baya, sai da hannu biyu ake ɗaga ta, kuma da mai shago ya jona ta murya ta fito tas. Mutumin ko tsayawa ya saurara bai yi ba. Ya juya ya ɗauki wata wufa ta roba mai fitilu ja da shuɗi, wadda maɓalli biyu kacal ke fuskarta, aka miƙa masa wani ɗan siririn rimot kamar biskit, ya biya ya tafi yana murna.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ba ne. Mun kai matsayin da ake auna kayan sauti da abin da ba shi ke fitar da sautin ba.

Ra'ayina a nan a fili yake. Na'urar da aka ƙera ba tare da rimot ba, kowane aiki da mamurɗinsa ko maɓallinsa a fuska, cikakkiyar na'ura ce, kuma a irin wutarmu da ƙurarmu ta fi daɗewa. Wadda ya kamata a guje mata ita ce wadda ba ta motsi sai da rimot, wadda ranar da yaro ya jefa shi a bokitin wanki ta zama kayan ado. Ita ce mai naƙasa, amma ita muke rububin saye.

Me rimot yake yi ne?

A bakin rimot akwai ɗan ƙwai mai fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Idan ka danna maɓalli, ƙwan yana ƙyafta wannan haske da sauri, yawanci kusan sau 38,000 a daƙiƙa, cikin wani tsari na lambobi. A fuskar na'urar kuma akwai ido mai ƙafa uku a bayan wani baƙin gilashi, shi ke karɓar saƙon ya miƙa wa ƙwaƙwalwar na'urar, ita kuma ta ƙara murya ko ta rage. Iyakarsa ke nan. Ba ya taɓa sautin, ba ya ƙara wa sifika ƙarfi.

Talabijin ce ma ta yaɗa shi. Kamfanin Zenith na Amurka ya fitar da mai igiya a 1950, sannan marar igiya a 1955. Kayan sauti na gida sun ɗauki shekaru masu yawa bayan haka suna aiki da mamurɗi, sai a shekarun 1980 rimot ya fara zama ruwan dare a cikinsu. Saboda haka ɗimbin amfilifayoyin Pioneer da Sansui da Kenwood da Technics na shekarun 1970 da ke zuwa mana cikin kayan Beljiyam ba ɓatar da rimot ɗinsu aka yi ba. Haka aka haife su.

Kuma mun saba da irin wannan rayuwa ba tare da mun lura ba. Ƙaramar rediyon da dattijo ke kamo BBC da ita da asuba ba ta da rimot. Amfilifayar masallacin unguwa, irin su Ahuja, galibi ba ta da shi, ladan ya murɗa ta sau ɗaya ya bar ta a nan shekara da shekaru. Ba a taɓa jin wanda ya kira su tsohon yayi ba.

"To, ni zan riƙa tashi duk lokacin da zan rage murya?"

Wannan ce hujjar farko ta masu son rimot, kuma ba ta banza ba ce. Ana kiran salla kana son ka kashe nan take. Baƙo ya yi sallama. Waya ta yi ƙara. Talla ta shigo da ƙarfin da ya fi na shirin. Duk gaskiya ne.

Amsa mafi sauƙi ita ce wurin ajiya. Mutane suna ɗora amfilifaya a ƙarƙashin talabijin don kawai can aka saba gani. Babu abin da ya wajabta haka. Sifiku ne ke buƙatar zama a gaban mai sauraro, amfilifaya kuwa tana iya zama a kan ɗan tebur kusa da kujerar da aka fi zama. Wayar sifika ta jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 tana ɗaukar mita biyar har goma ba tare da kunne ya ji wani bambanci ba. A bi da ita ta gindin bango, magana ta ƙare, mamurɗi yana gefen hannunka. Abin da ba a so a tsawaita sosai shi ne waya mai kai ja da fari da ke kawo sauti daga dikoda ko talabijin, domin ita ce ke kwaso gurnani idan ta yi tsawo ko ta bi kusa da wayar wuta.

Amsa ta biyu tana aljihunka. Yawancin abin da ake saurara a gida yau daga waya yake fitowa: karatun Alƙur'ani, wa'azi, waƙa, shirye-shiryen rediyo ta intanet. Akwai ɗan akwatin Bluetooth mai karɓar sauti, girmansa bai wuce kwalin ashana biyu ba. Ana ba shi wuta ta cajar waya mai bolt 5, a jona shi da waya mai ja da fari a bayan amfilifaya, a ramin da aka rubuta AUX ko TAPE ko CD ko TUNER. Daga nan wayarka ta zama rimot, kana ƙarawa kana ragewa kana sauya waƙa daga nisan kamar mita goma idan babu bango mai kauri a tsakani.

A nan ne ake yawan yin kuskure guda uku.

Na farko, kada a kuskura a sa shi a ramin da aka rubuta PHONO. Wannan rami na na'urar faifan garmaho ne, wadda sautinta ɗan mitsitsi ne ƙwarai, saboda haka amfilifaya tana ninka abin da ya shigo ta nan kusan sau ɗari, tana kuma ƙara masa gangar ƙasa, wato sautin nan mai kauri kamar bugun ganga. Idan ka zuba masa sautin waya, abin da zai fito ƙara ce mai karkarwa, kuma tana iya kashe ƙaramar sifikar sama, mai fitar da siririn sauti.

Na biyu, yadda ake daidaita murya. Mutum zai rage wayarsa ƙasa-ƙasa ya ƙure mamurɗin amfilifaya, sai ya riƙa jin "shuu" a bayan waƙa, ranar da kira ya shigo kuma gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Daidai shi ne a mayar da mamurɗi sifili, a ƙure muryar waya, sannan a murɗa amfilifaya a hankali har ta kai iyakar ƙarfin da za a taɓa buƙata a wannan ɗaki. A tsaya nan, a ɗiga alama da jan farce ko ɗan salatif. Daga ranar sai a riƙa ragewa daga waya kawai. Ko yaro ya ɗauki wayar ya ƙure ta, ba zai wuce iyakar da ka sa ba. Wannan kariya ce da ba kowane mai rimot ke da ita ba.

Na uku, idan aka ji wani zuu ko ƙugi mai bin bayan sauti, yawanci daga caja ne. Caja mai araha tana zubo datti cikin sautin. A sauya ta da mai kyau, ko a gwada ba akwatin wuta daga fawa bank. Idan ƙarar ta ɗauke, an gano mai laifi.

Sai dai a tuna, duk abin da wayar ta furta sifika za ta faɗa. Wanda ya manta ya buɗe saƙon murya na WhatsApp alhali surukai na zaune a falo, ba amfilifaya ce ta tona masa asiri ba.

Talabijin kuwa tana da nata hali. Idan tana da ramin abin sawa a kunne, a ɗauki sauti daga nan zuwa AUX, domin a mafi yawansu rimot ɗin talabijin yana juya muryar wannan rami. Haka ja da farin da ke bayan dikoda, a yawancinsu rimot ɗin dikodar yana rage su yana ƙarawa. Ka ga an sami rimot ba tare da an sayi komai ba sai wayar haɗi. Matsala tana zuwa ne a talabijin na zamani da ba su da komai sai ramin da ke fitar da jan haske. Wannan sai an sa masa ɗan akwatin da ke mayar da hasken zuwa ja da fari, kuma sai an shiga saitin sauti an zaɓi PCM, in ba haka ba shiru za a ji ko kuma tsatsa. Muryar wannan rami a tsaye take, rimot ɗin talabijin ba ya taɓa ta a galibin lokuta, saboda haka a nemi akwatin da ke zuwa da nasa ɗan rimot. Kada a haɗa talabijin da amfilifaya ta Bluetooth in da hali, domin sauti yana makara, sai ka ga baki ya motsa kafin magana ta iso.

Tsoho da marar lafiya fa?

A nan na sauko. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, tashi zuwa gaban na'ura ba ƙaramin aiki ba ne, kuma rashin kunya ne a ce masa ai motsa jiki ne. Irin wannan mutum yana da haƙƙin ya juya sautinsa daga inda yake.

Amma a duba da kyau abin da aka ba shi. Rimot mai maɓalli arba'in ƙanana kamar ƙwayar gero, rubutun Turanci da ko mai lafiyar ido sai ya ƙanƙance shi, maɓallin sauya hanyar da sauti ke shigowa yana manne da na ƙara murya. Dattijo ya danna ɗaya bisa kuskure, sauti ya ɗauke, ya zauna shiru har jika ya dawo daga makaranta. Makaho kuwa mamurɗi ya fi masa komai, yatsunsa na gaya masa inda murya take kafin ya kunna.

Abin da ya fi dacewa da su shi ne babban mamurɗi ɗaya a gefen gado. Ko a matso da amfilifayar kanta, ko mai gyara ya haɗa ɗan akwati da mamurɗi mai lamba 10K a ciki, sauti ya shiga ta gefe ya fita ta ɗaya gefen zuwa amfilifaya. Ba ya cin wuta, ba ya son batir. Sharaɗinsa kawai wayar da ke fita daga gare shi kada ta wuce mita biyu zuwa uku, kuma ta kasance mai rigar kariya. Idan kuma dole sai rimot, ana sayar da mamurɗi mai ɗan moto a bayansa, da idonsa da rimot mai maɓalli kaɗan, ƙwararren mai gyara yana iya cire na asali ya dasa shi. Aiki ne mai son natsuwa, sai an sami wurin da zai shiga da kuma inda za a ɗebo masa wuta, ba kowane mai riƙe da dalma za a ba ba.

"Ai sai in sayi rimot mai yi wa kowa aiki"

Ana yawan yaudarar mutane da wannan. Rimot mai yi wa kowa aiki baki ne kawai, yana magana da harsuna da yawa. Idan na'ura ba ta da ido da ƙwaƙwalwar da za su ji shi, ko shekara za ka yi kana dannawa babu abin da zai motsa. Amfilifayar da aka ƙera babu rimot ba za ta taɓa jin sa ba.

Ko a na'urar da ke da ido, ba lallai ba ne. Kowane kamfani da yarensa: na Sony daban, na Philips daban, ɗimbin kayan Asiya kuma suna amfani da tsarin kamfanin NEC na Japan amma kowanne da lambobinsa. Manyan kamfanoni ana samun lambobinsu a cikin irin wannan rimot, ko a wayoyin da ke da ƙwan rimot a kansu kamar yawancin Redmi. Amma wufar da ba a san wanda ya ƙera ta ba, wadda yau sunanta kaza, kwantena ta gaba a manna mata wani suna, wa ya ajiye lambobinta? Shi ya sa za ka ga mutum yana yawo layi-layi a kasuwa da hoton wufa a waya yana neman rimot ɗinta.

Kafin ma a fita nema, a tabbata tsohon ya mutu. A nuna bakinsa ga kyamarar waya a danna maɓalli. Idan yana da rai za a ga ƙwan yana ƙyafta haske fari-fari ko ruwan hoda a fuskar wayar. Wasu wayoyi kyamarar bayansu tana tace wannan haske, sai a gwada ta gaba. In babu haske, a buɗe gidan batir. Sau da yawa batir ne ya yi zuba ya bar farin gari a kan ƙarfen, a goge shi da auduga da ɗigon ruwan lemon tsami, a bi da sifirit, a bari ya bushe. In wasu maɓallai ne ke aiki wasu ba sa yi, a ɓare rimot ɗin a wanke robar da ruwa da sabulu, a goge fanel da sifirit, domin maiƙon hannu da na miya ne ke shiga tsakani. Iyayenmu da ke naɗe rimot a leda sun san abin da suke yi. In kuma rimot yana haske amma na'ura ba ta amsawa, to idon ne ya mutu ko dalmarsa ta saki, kuma canza shi ba wani babban aiki ba ne.

Duba yawan abin da ke iya lalacewa a hanyar da aikinta kawai ta rage murya.

Maganar wuta

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a wurina, kuma ita ce aka fi mantawa.

Na'ura mai rimot ba ta mutuwa idan ka kashe ta. Barci take yi da ido ɗaya a buɗe, domin dole wani sashe nata ya zauna da wuta yana jiran saƙo. Jar fitilar nan da ke fuskarta shaida ce. A Tarayyar Turai doka ta taƙaita abin da na'ura za ta sha a wannan hali zuwa rabin wat tun 2013, amma ba duk kayan da ke shigo mana aka ƙera bisa wannan doka ba. A ce tana shan wat 5 tana barci. A kwana ɗaya wat 120 ke nan na awa, wanda a batirin sola mai bolt 12 ya kai amfiya 10 na awa, a tafi a banza ba a ji ko kalma ɗaya ba. Mai mita ko mai inbata ya san wannan ba wasa ba ne.

Abin da ya fi haka muni shi ne sashen da ke farke shi ke karɓar duk wani mari. An ɗauke wuta, an dawo da ita da ƙarfi cikin dare, an sauya daga janareta, aradu ta faɗi da damina. Ka tambayi masu gyara abin da ya fi kawo musu hom tiyata, za su ce maka ɓangaren wuta ne ya ƙone. Tsohuwar amfilifaya mai makunnin da ke cewa "ƙas" kuwa, a yawancinsu idan ka kashe ta ka raba ta da layi ne baki ɗaya.

Ita ma tana da nata rauni, kada a ce na ɓoye. Idan aka ɗauke wuta tana kunne aka manta da ita, haka za ta karɓi wutar da ta dawo, da muryar da aka bar ta. Maganinsa sabo ne: wuta na ɗaukewa a mayar da mamurɗi ƙasa a kashe makunni. Wanda ya san gidansa da mantuwa ya sa mata irin abin da ake sa wa firji, mai jinkirta wuta na 'yan mintuna kuma ya yanke ta in ta yi yawa. Wajen kunnawa kuma a fara da dikoda ko akwatin Bluetooth, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa ita ce farko. Wannan ke hana "dum" ɗin nan da ke girgiza sifika.

"Tsohon kaya ai ciwon kai ne"

Wani lokaci haka ne. Na'urar da ta shekara arba'in tana da ciwonta, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bambancin shi ne ciwonta sananne ne, kuma yana da magani a kasuwarmu.

Kafin komai a karanta bayanta. Wutarmu a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce. Kayan da aka yi don cikin Japan bolt 100 suke so, na Amurka 120. Wasu suna da ɗan maɓallin zaɓi a baya, a tabbata yana kan 220 ko 240 kafin a jona. Wadda ba ta da shi sai da taransifoma mai rage wuta, kuma ƙarfinta ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na wat ɗin da aka rubuta a bayan na'urar. Amfilifaya nawa ce ta tsallake teku lafiya ta zo ta mutu a daƙiƙar farko saboda wani ya yi gaggawar gwaji? Haka kuma rediyon da aka yi don cikin Japan, tsofaffinsu FM ɗinsu daga 76 zuwa 90 yake tsayawa, alhali namu tashoshin suna tsakanin 87.5 da 108. Mai irin wannan a Kano ba zai kamo Freedom a 99.5 ba, komai tsawon eriyarsa. A dubi lambobin da ke kan gilashin kafin a biya.

Ciwon da ya fi yawa shi ne ƙarar "ƙarrr" idan ana murɗa murya, ko sifika ɗaya ta ɗauke sai an jijjiga mamurɗi. Ƙurar hunturu ce da tsatsa suka zauna a kan hanyar da ɗan harshen ƙarfe ke bi a ciki. A zare na'urar daga soket, a ba ta lokaci, domin manyan kafasito ɗinta suna riƙe wuta bayan an kashe, kuma kada a taɓa ƙafafunsu. A buɗe murfi a nemo bayan mamurɗin, akwai 'yar kafa kusa da ƙafafunsa. A fesa maganin wanke mahaɗar lantarki sau biyu gajeru ta nan, a murɗa daga farko zuwa ƙarshe kamar sau talatin, a bar shi ya sha iska minti ashirin. Haka za a yi wa maɓallin zaɓen hanya da na BALANCE da na TAPE MONITOR, wanda shi ne ɓoyayyen mai laifi a yawancin lokutan da gefe ɗaya ya yi shiru. Ban da fetur, ban da baƙin mai, ban da feshin da ake warware kusa mai tsatsa da shi. Suna yin shiru na mako ɗaya, sannan maiƙonsu ya tara ƙurar da ta fi ta da.

Idan an wanke ƙarar ba ta tafi ba, abu biyu ne. Ko hanyar ta cinye, ko wani ƙaramin kafasito da ke kusa ya tsufa yana yoyon wuta zuwa cikin mamurɗin. Mai gyaran da ya canza mamurɗi bai auna wannan ba, aikin zai dawo masa. In kuwa canjin ya zama dole, a kula da rubutun jikinsa. A kayan Japan harafin A, kamar A50K ko A100K, shi ne na murya, yana tashi a hankali yadda kunne ke so. Mai harafin B idan aka sa shi, da ka ɗan taɓa murya ta yi tsalle, sauran murɗin kuma babu wani bambanci. Na sitiriyo ƙafa shida gare shi, wasu kuma suna da ƙarin ƙafa don maɓallin LOUDNESS, a tafi kasuwa da tsohon a hannu.

Sauran kula ce ta yau da kullum. A bar mata sarari kamar faɗin tafin hannu a sama, a ɗauke ƙyallen adon da ake shimfiɗa mata, domin ramukan nan na murfi hancinta ne. A dubi lambar om a bayan sifika, wadda idan ta yi ƙasa nauyin da ke kan amfilifaya ƙaruwa yake: guda biyu masu om 8 idan aka haɗa su a baki ɗaya sun koma om 4, uku kuwa sun yi ƙasa da abin da yawancin amfilifayoyin gida za su ɗauka, zafi zai kashe ta. Kuma mamurɗi ba a ƙure shi. Da yawansu sun gama ba da ƙarfinsu tun alamar tana wajen tsakiya, abin da ya wuce nan sauti ne mai tsagewa, shi ke ƙona sifikar sama. In fis ya ƙone a sa mai lamba irin tasa. Wanda ya naɗa masa waya ko takardar sigari ya sayar da taransifoma don ya tsira da kuɗin fis.

Duk waɗannan gyare-gyare ne na dalma da abin awo. Kwatanta da wufar zamani da komai nata ke cikin ƙwaƙwalwa ɗaya da aka goge lambarta. In ta tafi, mai gyara zai ce maka sai dai a canza fanel, fanel ɗin kuma babu.

Akwai masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, masu cewa rimot yana ɓata sauti, wai duk na'ura mai rimot muryarta ba ta kai ba. Ban yarda ba. Akwai amfilifayoyi masu kyau ƙwarai na shekarun 1990 da ke da rimot, kana dannawa kana ganin mamurɗin yana juyawa da kansa, domin ɗan moto ne ke juya shi, hanyar sautin kuwa ba ta canza ba. Irin waɗannan sun haɗa biyun, in rimot ya ɓata hannu yana nan. Wanda ya samu ya saya. Faɗana da na'urar da aka cire wa hannu ne.

Kuma cirewar ba don jin daɗinmu aka yi ta ba. Mamurɗi mai kyau da maɓallan ƙarfe kuɗi ne a wurin mai ƙira, rimot na roba kuwa kusan kyauta yake zuwa masa. An rage kuɗin ƙira, an sayar mana da ragin a matsayin ci gaba. Masu shigo da kaya daga waje suna da ta cewa a nan, tunda su ke zaɓar abin da za a loda musu. Babu abin da zai hana su ce wa masana'anta a sa maɓallin murya da na sauya hanya a fuska, ko su haɗo da kwalin rimot na sayarwa daban. Ba sa yi ne saboda ba wanda ya tambaye su.

Tambayar kuwa a shago ake yin ta. A ce wa mai kaya ya jona na'urar, a karɓi rimot a sa a aljihu. Daga nan a gwada abu biyar da hannu: kunnawa daga barci, ƙara murya da ragewa, sauyawa daga Bluetooth zuwa AUX zuwa rediyo, neman tasha, da rage gangar ƙasa. A zare ta daga soket a mayar, a ga ko tana tashi ba tare da rimot ba, da kuma muryar da take tashi da ita, domin wasu da ƙarfi suke farkawa kowane lokaci. Duk aikin da ya gagara a cikin waɗannan, shi ne za a rasa ranar da rimot ya shige ƙarƙashin kujera ya ƙi fitowa. In biyu suka gagara, a mayar wa mai shago rimot ɗinsa, a ce ya sauko da waccan ta ƙarfen da ke can saman kanta.